Sunan Kawu a Kan Takardar Yashi

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa da ke Bagudo, bayan jinyar da ba ta cika sati biyu ba. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Jama'a sun zo. Masu jiragen yashi sun hauro daga bakin Kwara, ƙafafunsu duk kaushi, suka zauna waje ɗaya. Magina sun zo, irin waɗanda siminti ya cinye wa tafin hannu, in sun ba ka hannu kamar ka kama dutsen niƙa. Wani mai sayar da rodi ya rufe shagonsa a Illo ya taho. Wani dattijo ya tsallako daga Benin a bayan mashin, ya fara addu'a da Hausa, kuka ya ci ƙarfinsa, ya ƙarasa da Dendi. Daga cikin gida kuwa ana jin muryar Inna, mahaifiyata, tana cewa yanzu ba ta da babba sai Allah.

Sai dai akwai wata kalma da ta yi ta yawo a zaman nan. Ba a faɗinta a kan tabarma. Sai an shafa fatiha, an tashi, ana laluben takalmi, sannan ka ji ta ƙasa-ƙasa.

"Allah shi jiƙan tsoho. Mutumin kirki na. Amma kwalbatin nan hwa..."

Na ji ta daga bakin mai shayi, na ji ta daga bakin wani malamin makaranta da ko buhun siminti bai taɓa ɗauka ba. Akwai kuma wani mai mashin daga ƙauyenmu, wanda ya karye a cinya ranar da kwalbatin ya rufta da shi. Ya zo da sandarsa, ya zauna can gefe, ya yi addu'ar da ba ta fi numfashi biyu ba. Shi bai ce amma ba, fuskarsa ce ta ce.

Saboda wannan amma nake rubutun nan, kuma ba da sanyin zuciya nake yinsa ba. Ina ƙyamar abin da aka yi wa Kawu, ina ƙyamar waɗanda suka yi, kuma in na lissafa su sunana ne na farko.

Aikin Kawu sayen kayan gini ne. Shekara talatin da wani abu yana yi wa wani kamfanin gine-gine da ke aiki a yankinmu: ajujuwa, ɗakunan shan magani, kwalbatoci a hanyoyin ƙauye. Kamfanin ya canza hannu har sau uku, manajoji sun zo sun tafi, Kawu yana nan da jakarsa ta fata. Bai yi boko ba. Da ajami yake rubuta abin da zai rubuta, kuma ba ya rubuta da yawa, don abin da ya sani a hannunsa yake. Buhun siminti zai zura hannu har gwiwa, in ya ji sanyi da laushi kamar gari ya gyaɗa kai, in ya ji gudaji ya ce a mayar wa mai shi. Rodi zai sa a lanƙwasa a gabansa, ya duƙa ya duba ko gwiwar ta tsage.

Yashi kuwa sai da kwalba. Wata tsohuwar kwalbar lemo ce mai murfi, kullum tana cikin jakar. Zai zuba yashi zuwa rabi, ya cika ruwa zuwa kafaɗa, ya barbaɗa gishiri kaɗan, ya girgiza, ya ajiye a kan dutse. Daga nan ya tafi sallah, ya ci abinci, ya yi hira da direban tifa, shi kuwa direba yana ta kallon rana yana tsaki. In ya dawo, yashin ya kwanta ƙasa, lakar da ke ciki ta kwanta a kansa. Sai ya ɗora farcen ɗan ƙaramin yatsansa a jikin kwalbar. In laka ta wuce faɗin farcen, ko tifar ta uban wa ce, za ta koma da kayanta. Duk gardamar da za a yi masa amsarsa ɗaya ce: "Ku bari mu ji ta bakin kwalba."

Har a gida ya saba da faɗin haka. In matarsa ta ce mai neman auren 'yarsu yaron kirki ne, sai ya ce a bari a ji ta bakin kwalba, ita kuma ta ce wata rana ita ma sai ya zuba ta a ciki ya girgiza.

Cikin masu jiragen da suka zo zaman makoki akwai wani tsoho, babbansu. Shi da Kawu sun taɓa yin faɗan da har yau ake labarinsa a bakin ruwa. Tsohon ya tara yashi tsibi guda, ya lulluɓe mai laka da mai kyau. Kawu ya zo, maimakon ya ɗiba daga sama, sai ya karɓi shebur ya haƙa har ƙasa. Da kwalba ta yi magana, ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

"Sama kaz zuba na ƙwarai, ƙasa kas sa laka. Ni za ka yi ma haka? Ɗiyan wa za su zamna cikin ajin da za a gina da wanga? Ba jikokinka ba?"

Tsohon ya ce ruwa ne ya kawo jar ƙasa a bana, ko'ina aka nutsa laka ce, shi ma bai so ba. Kawu ya ce to da sai ya faɗa. Aka yi ta cacar baki har aka riƙe su. Kwana uku ba su gaisa ba. Rana ta huɗu da safe sai ga Kawu ya naɗe wando, ya shiga jirgin tsohon ba sallama, ya ce a ja. Ya kai su wani tudun yashi can ƙasa, wajen da ruwa ke karya kwana ya wanke komai, wanda mahaifinsa ya taɓa nuna masa. Daga wannan tudun tsohon ya ci abinci shekara da shekaru, kuma bai ƙara lulluɓe tsibi ba.

Ni ma Kawu ne ya kai ni kamfanin. Da na gama makaranta ina zaman banza, ya kama hannuna ya kai ni wajen manajan lokacin, ya ce, "Ga ɗan ƙanwata, ya iya danna na'ura, bai iya sata ba." Aka sa ni sito, daga baya aka ba ni kwamfuta. Mai Akwati yake kirana. In ya shigo ofis ya same ni na ƙura wa allo ido, sai ya ce, "Mai Akwati, mi akwatinka yac ce yau? Za a yi ruwa?"

To, ana nan sai babban ofis ya aiko da sabon tsarin sayen kaya. Wani mutum ya zo daga birni da jaka a baya, ya tara mu, ya ce daga yau ba sauran a tura mutum bakin ruwa ko kasuwa. Injiniya zai shigar da abin da yake so a manhaja. Manhaja za ta aika wa dillalan da suka yi rajista, masu takardar kamfani da adireshin intanet, ta zaɓi wanda ya fi araha, ta ba shi aiki. Ba son kai, ba ɗan uwa, ba ɓata lokaci. Manaja ya yi ta tafi kamar an ce an ƙara masa girma.

Kawu ya ɗaga hannu. "Su masu jirgi hwa? Ba su da takarda."

Mutumin ya ce sai su nema.

"To ita na'urar, da wane hannu za ta taɓa yashin?"

Aka yi dariya, har da ni. Mutumin ya ce ai an yi tanadin wannan, akwai gurbin mai tantance kaya. In manhaja ta zaɓi dila, za ta tura wa mai tantancewa saƙo a waya, ya je ya duba kayan, ya amsa da e ko a'a. Ya juyo gare ni, tunda ni ke riƙe da kwamfutar, ya ce sunan wa zai sa.

Sunana ya kamata a sa. Ni ke karanta Turanci, ni ke da wayar da ake shafawa. Amma Kawu yana zaune a wajen, mutumin da ya yanka ragon sunana, ya kawo ni ofishin da hannunsa. Ta yaya zan buɗe baki in ce a rubuta ni mai tantance yashi a gabansa? A wajenmu ba a yin haka. Na ba da sunan Kawu, na ba da lambar 'yar wayarsa mai tocila. Kawu ya dube ni, ya ce, "Allah shi yi ma albarka." Na ji daɗi a raina, ina ganin na kare masa girma.

Mutumin ya ƙara wata magana da sauri, da Turanci, yana naɗe wayoyinsa: in saƙo ya kwana biyu ba a amsa ba, manhaja za ta ɗauka an amince, don kada aiki ya tsaya. Ba zan yi ƙarya ba, na ji, na kuma fahimta. Na ce a raina ai ba komai, kullum zan biya gidan Kawu in karanta masa saƙonni. Na yi haka wata guda. Daga nan aka tura ni wani aiki wajen Sharabi, yau gajiya, gobe hanya ta lalace, jibi na manta. Ban kuma taɓa gaya wa Kawu maganar kwana biyun ba. Shi in wayar ta yi ƙara ya ga rubutun boko, ɗauka yake talla ce ta kamfanin waya, ya mayar aljihu.

Da aka zo aikin kwalbatin hanyar ƙauyenmu, manhaja ta zaɓi wani dila mai ofis a birni, wanda takardunsa suka cika tsaf, amma ko jirgi ɗaya ba shi da shi. Daga wani kududdufi na gefen titi ya sa aka loda masa. Tifa biyar suka juye jan yashi a wajen aiki. Ina wajen ranar. Kawu ya damƙi yashin, ya buɗe hannu, yashin ya tsaya curi guda kamar fura. Duk da haka ya fito da kwalba, ya yi yadda ya saba. Da ya dawo daga sallar azahar, lakar ta kusa kai gaɓar yatsa biyu.

"A kwashe shi," ya ce wa Injiniya. "Wanga ko bulon kewaye ba a yi da shi."

Injiniya saurayi ne mai ladabi, baƙo a yankin. Ya zaro takarda daga fayil. "Baba, ai kai ka amince da shi. Ga sunanka nan."

"Ni? Yaushe?"

"Shekaranjiya. Sistem ya nuna."

"Shekaranjiya ina Illo wajen suna. Yau nig ga yashinga da idona."

Injiniya ya ce shi dai abin da ke takarda ya sani, an riga an rufe odar, ba gurbin mayarwa, ga damina na matsowa. Ya kira Manaja a waya, Manaja ya ce a ci gaba. Kawu ya juyo ya dube ni. Kallo ɗaya ne, bai daɗe ba. Na sunkuyar da kai ina duba igiyar takalmina, wanda ba shi da igiya. Ya rufe kwalbar, ya riƙe ta a tsaye da hannu biyu don kada ta motsa, ya hau bayan mashin ya tafi gida. Magina suka kwaɓa siminti.

Kwalbatin ya ga damina ɗaya. A ta biyu, ranar kasuwa da safe, ya rufta da mai mashin nan da kwandunan kifinsa. Da mutane suka taɓa abin da ya rage, da yatsa ake marmasa shi. Babban ofis ya turo masu bincike, ba su je bakin ruwa ba, ba su tambayi magini ko ɗaya ba. Suka buɗe kwamfuta, suka ga wanda ya amince, suka rufe. Aka kira Kawu aka ce ya tsufa, ya je ya huta. Kafin sati labari ya zaga gari cewa tsoho ya karɓi na goro ya sa hannu a kan laka. Mutumin da ko ruwan leda ba ya karɓa daga hannun dila.

Na je gidansa da yamma, na same shi a zaure yana gyaran carbi. Na ce, "Kawu, ni na jawo. Gobe zan je in faɗa wa Manaja, in faɗa a masallaci."

Bai ɗago ba. "Na sani tun rannan. Don girmana kay yi, ba don mugunta ba. Ɗiyanka nawa?"

Na ce huɗu.

"To ka yi shiru. Ni na gama cin nawa abincin. Kai yanzu kah hwara."

Abin da ya fi damuna har yau shi ne sanyin da na ji a ƙirjina da ya faɗi haka. Na yi 'yar gardama ta fatar baki, na yi godiya, na tashi. A hanya har tsire na saya.

Daga nan Kawu ya daina zuwa bakin ruwa. Ya daina zama a majalisar ƙofar masallaci, don in ya iso hira takan canza. In magina suka kawo masa yashi a leda ya duba musu, sai ya ce su kai wa akwati. Ba zan ce wannan ne ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma na ga yadda mutum ke ragewa a cikin rigarsa.

Sunansa kuwa ba a cire daga manhajar ba. Sau ɗaya na tuna wa Manaja, ya ce sai an rubuta wa babban ofis, a bari tukuna. Na gane abin da yake nufi. Ya sami mai tantancewa wanda ba ya cewa a'a, ba ya tsayar da tifa, ba ya fito da kwalba, kuma in abu ya rushe ga wanda za a nuna. Wa zai yar da irin wannan? Ni ma ban sake tuna masa ba.

Ranar sadakar uku, da safe, Manaja ya zo da farar mota da katan-katan na ruwa. Ya zauna kusa da liman, ya ce kamfani ya yi rashin uba, ba za a taɓa maye gurbinsa ba. Ana cikin raba waina aka ce matar Kawu tana kirana a zaure. Ta miƙo mini wayarsa ta bayan labule.

"Tun daren jiya taka kuka. Duba mi anka ce, ko wani na bai ji rasuwar ba."

Na buɗe. Saƙo biyu ne daga manhaja. Na farko ya shigo ranar Talata kafin la'asar, lokacin muna zuba masa ƙasa: ana neman ya tantance yashin ginin wani ɗakin haihuwa, daga hannun dilan nan dai. Na biyu na daren jiya ne. Ana gode masa, ya amince.

Na tsaya riƙe da wayar. Matar Kawu ta ce lafiya? Na ce ina kwalbar nan? Ta shiga ɗakinsa ta ɗauko ta daga saman taga, tana tafe a hankali kamar mai ɗauke da nono cike da ƙwarya.

"Kak ka girgiza ta," ta ce. "Shekara biyu bai bari ko shara a yi kusa da ita ba."

Na fito da waya a hannu ɗaya, kwalba a ɗaya. Na nemi izinin liman. Na karanta saƙon, na fassara shi da Hausa, na faɗi ranar da ya shigo da ranar da aka amsa. Wani daga baya ya ce, "Mamaci na ka sa hannu?" Sai na faɗi sauran: yadda manhajar take ɗaukar shiru a matsayin amincewa, yadda Kawu ya ce a kwashe yashin kwalbatin a gabana aka ƙi, da wanda ya ba da sunansa, ya san dokar kwana biyu, ya ɓoye masa. Na ce ni ne. Na ajiye kwalbar a tsakiyar tabarma. Lakar tana nan kwance a kan yashin, ja, mai kauri, ko yaro zai gani.

Manaja ya ce wannan ba wajen maganar ofis ba ne. Tsohon nan babban masu jirgi ya ce, "Nan na wajenta. Ai a nan kunka aje shi, randa kunka kore shi aiki." Manaja ya duba agogo, ya ce yana da taro, ya tashi. Ba wanda ya raka shi mota.

Mai mashin ya jawo jikinsa da sanda har tsakiyar tabarma. Ya duƙa, ya ɗora farcen ɗan yatsansa a jikin kwalbar yadda kowa a garin ya san Kawu yana yi. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗaga hannu ya ce a sake fatiha, don wadda ya yi shekaranjiya ba da zuciya ɗaya ya yi ta ba. Aka shafa. Da aka tashi ana laluben takalmi na kasa kunne, ban ji kalmar nan ba.

Takardar sallamata ta iso kafin sadakar bakwai, ita ma manhaja ce ta turo. Masu jirgi da magina sun je wajen ginin ɗakin haihuwar sun tsaya a kan yashin har aka kwashe shi. Ko an cire sunan Kawu yanzu, ban sani ba, an rufe mini hanyar shiga. Allah ya gafarta masa, ya yalwata masa kabari, ya sa abin da ya gina ya tsaya masa shaida. Duk wanda ya taɓa zama a ajin da bai tsage ba a ƙasar Bagudo, ya sa shi a addu'a.

Ranar da na yi maganar, da jama'a suka watse, na shiga wajen Inna ina jin kamar na sauke dutse. Ina tsammanin za ta sa mini albarka. Tana zaune tana tsince shinkafa, ba ta dube ni ba. Na ce, "Inna, kin ji abin da na faɗa a waje?"

"Na jiya. Kowa ya jiya, ban da shi."

Na ce ai shi ya hana ni, shi ya ce in yi shiru.

Ta ɗago, idonta ya yi ja. "Sau ɗaya yah hana ka. Shekara guda yana zaune a zauren nan, kullum kana wucewa kana gaishe shi. Ka sake tambaya tai?"